Gurbin Samira a Gefen Hagu

Tun a bakin ƙofa na san akwai abin da ba daidai ba. Na miƙa wa Gwaggo Rabi gorar hokin 'yarta da hannu biyu, kaina a sunkuye, ina jiran kuka, don tun daga Kano nake shirya yadda zan tare ta idan ta faɗi. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi gorar, ta goge ta da bakin mayafinta, ta yi murmushi ta ce, "Kin ga halin yarinyar nan ko? Ta aiko da kayanta a gaba. Ita kuma yaushe za ta taso?"

Ran nan wata biyu cif da binne Samira.

Na ɗaga ido na dubi mijin Gwaggo, Baba Sale. Ya ɗan girgiza mini kai, ya ɗauki jakata ya shige ciki. Na bi bayansa, zafin Jidda kamar a bakin murhu.

Tun da na dawo kuke tambayata. Zulai ta ce ina dabinonta, Maryam ta ce wai da gaske ne ana zubar da shinkafa da kaza a bola, ku duka kuma kuna so ku san abin da ya ramar da ni, da abin da ya sa nake damƙe hannun na kusa da ni in motar haya ta rage gudu. Sau biyu ina gwada faɗa da baki, murya ta ƙi. Shi ya sa na sayi littafi na zauna. Ku karanta, ku ba juna, amma don Allah kada a sake tambayata.

Gwaggo Rabi yayar babana ce. Mijinta direba ne a wani kamfani a Jidda, ya haura shekara ashirin a can, yana da iƙama, wato takardar izinin zama, shi da iyalinsa. Samira kaɗai Allah ya bar musu, kuma a can aka haife ta. Da damina Samira ta zo Kano ganin kakarmu, aka sauke ta a ɗakina. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta yi rabi ta ƙarasa da Larabci, ni kuwa Larabcina na sallah ne. Kwana biyu muna kallon-kallo. A na uku ta hango gorata a bayan ƙofa, wadda na taho da ita daga makarantar kwana. Ta yi tsalle ta buɗe akwatinta, sai ga tata naɗe a cikin zani.

"Ke ma?"

"Ni ma."

"Wane waje?"

"Gaba, a tsakiya. Ke fa?"

"Gaba, hagu. Yalla, fito!"

Da goruba muka yi ta bugawa a tsakar gida har muka fasa wa kaka randa.

Gidan sauro ta ƙi. Ta ce shaƙe ta yake yi, kamar an sa ta a buhu. Na yi dariya na ƙyale ta. Dariyar nan ita ce har yau take dawo mini a kunne. Jikin da bai saba da sauron Kano ba, zazzaɓi ya kama shi ran Talata. Kwana tara ta yi a asibiti. Ta waya iyayenta suka ji.

Bayan arba'in babana ya ce a kai wa 'yar'uwarsa kayan, a yi mata gaisuwa ido da ido. Aka nema mana bizar umara, ni da Yaya Lawan.

A filin jirgin Kano mai duba kaya ya ɗaga gorar ya ce, "Wannan fa? Faɗa za ki je yi a ƙasa mai tsarki?" Yaya ya yi masa bayani, mutumin ya ce shi dai bai taɓa ganin an kai tsarabar sanda Makka ba. Da muka sauka Jidda sai da muka yi wajen awa shida a ƙarƙashin wasu manyan rumfuna farare muna jiran a buga mana fasfo. A nan na haɗu da Iya Dije, wata tsohuwa 'yar Gwarzo da gwiwa ta hana ta tsayuwa. Ta dubi gorar da ke hannuna ta ce, "'Yar nan, kin riƙe ta kai a ƙasa." Ta karɓa ta juya, ta kama ta wajen lanƙwasar, ta dogara. Wallahi kamar don ita aka sassaƙa ta. Da ita ta yi ta yawo har muka gama umara, tana ce mini Hajara mai sanda. Ban gaya mata ta wace ce ba. Na dai ce a raina, Allah ya kai wa mai ita ladan.

Daga Makka muka dawo Jidda, unguwar Nuzla, inda na fara muku labarin.

Nuzla lunguna ce kamar Fagge, sai dai kowace taga da na'urar sanyi tana ɗigo wa mai wucewa ruwa a ka. Hausa kuwa ko'ina: ga mai tsire, ga mai fura, ga yara suna zagi da Larabci uwarsu tana rama musu da Hausa. Da safe ful ake ci da tamis, wake ne dakakke da mai, da wata gurasa faffaɗa kamar faifai. Kwana uku cikina yana ƙugi kafin ya yarda. Ana kiran sallah kowane kanti zai ja ƙofa, ko da kin riga kin miƙa kuɗi. Hutunsu Alhamis da Juma'a. Makokinsu kwana uku ne kawai, ba bakwai ba arba'in, a jera kujeru a titi, masu gaisuwa su bi layi su ce "Azzamallahu ajrakum", Allah ya girmama ladanku, su sha gahawa su wuce.

Gwaggo ba ta yarda an jera kujera ko ɗaya ba. Ta ce, "Ban ga gawa ba. Waya ce kawai, wayar ma tana yankewa." Matan maƙwabta sukan shigo su zauna, su sha shayi, a yi hirar tsadar tumatir, su tashi da gaisuwarsu a baki. Takardar asibiti da muka zo da ita, Baba Sale ya karɓa a soro, ya ninke ya sa a akwatin motarsa. Ya kamata ya kai ta a soke iƙamar Samira. Bai kai ba.

Ranar da Yaya Lawan zai koma, Gwaggo ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ka bar mini ita mako biyu." Baba Sale ya bi shi waje ya ce, "Lawan, tun da yarinyar nan ta zo take cin abinci." Yaya ya tafi. Mako biyu ya zama huɗu, biza ta ƙare. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, don a lungun nan masu takarda ba su kai marasa ita ba. A gadon Samira nake kwana, abayarta nake sawa. Wata safiya Gwaggo ta ce, "Samira, miƙo mini sukari." Na miƙa. Laifina na farko ke nan.

Ran wata Laraba sai ga Amna. Bahaushiyar Sudan ce, babanta yana aiki a kamfanin su Baba Sale, Hausarta da ɗan karkace amma tana fita tas. Ta zo ne ta ga wadda aka ce ta kawo gorar ƙawarta. A tsakar gida ta jefo mini lemon tsami a ƙasa, na tare da gorar ba tare da na yi tunani ba. Ta daɗe tana kallona.

Ashe kamfanin yana da gidajen ma'aikata a arewacin gari, an zagaye su da katanga, a ciki akwai filin siminti. Ran Alhamis bayan la'asar na mata ne zalla, a cire abaya a yi wasa. Yawanci 'yan Pakistan ne da Indiya, sai Amna, sai Samira. Mai koyar da su matar wani injiniya ce, kowa Baji Nasrin yake ce mata. Tun da Samira ta tafi hutu layinsu na gaba yake da giɓi.

"Amma akwai mai gadi," in ji Amna, ta rage murya. "Yana da jerin sunaye. Sai ya ga iƙama ya ga suna. Fuska ba ya dubawa, kin san da niƙabi muke shiga."

Washegari ina ɗaura takalmi Gwaggo ta fito da ɗan littafi kore ta sa mini a tafin hannu.

"Kullum sai kin manta iƙamarki. Wata rana sai sun kama ki."

Zan gaya muku gaskiya, don ba don in wanke kaina nake rubutun nan ba. Ina iya ajiyewa. Amma wata uku rabona da fili, ga zaman ɗakin nan ya ishe ni, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na sa a jaka. Baba Sale, wanda shi ne yake tuƙa motar 'yan wasan, ya hango littafin a hannuna ta madubin mota da muka kusa mai gadi, ya kau da kai.

Ku da ba ku yi hoki ba, ga yadda abin yake. Filin ƙarami ne, don haka takwas-takwas ake yi: mai tsaron raga, biyu a baya, biyu a tsakiya, uku a gaba. A gaba Amna ce a dama, wata doguwar 'yar Pakistan mai suna Farzana a tsakiya, Samira a hagu. Baji Nasrin ta jera murafen kwalba a ƙasa, ta ɗora yatsa a kan na hagu ta ce, "Ke, nan."

Hagu shi ne wuri mafi wuya. Gora fuska ɗaya ake bugu da ita, don haka mai gefen hagu kullum cikin juya gora take, kamar mai tuƙa tuwo da hannun da ba nata ba. Samira ta yi shekara biyar a wurin. Takan manne da layin gefe, ba ta shigowa ciki sai ta kai ƙarshe. Ni kuwa a filinmu na makaranta na koya, jar ƙasa mai rami da tudu, inda sai kin tsayar da ƙwallo kin tabbatar tana nan kafin ki buga, kuma a tsakiya na saba, ina shinshinar raga. A siminti ƙwallo ba ta jira. Su kuma ba sa ba mutum a ƙafa, wurin da suka san zai je suke turawa, ba tare da sun ɗaga kai ba.

To sai ya zama kullum abu ɗaya. 'Yar tsakiya ta karɓa, ta tura hagu, ni kuma ƙafata ta riga ta ja ni ciki. Ƙwallo ta gangara ita kaɗai ta wurin da Samira za ta kasance, ta fita, ta bugi katanga. Ƙwas. Ba mai yi mini faɗa. Sai dai wata ta je ta ɗauko. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dage. A gida nakan ja layi da alli in yi ta bin sa ina juya gora har hannuna ya yi kanta. Amna takan yi mini tsiya: "Ke Bakanuwa, an ce ki bi layi, kin ɗauka layin famfo ne kina neman yin tsallake?" Sauran kuma a fili Samira suke kirana, don kada bakin wata ya kuɓuce a gaban mai gadi. Farzana kaɗai ce ba ta taɓa kirana da kowane suna ba. Ko kallona ba ta yi. Na ɗauka ƙiyayya ce.

Alhamis ta huɗu ƙwallo ta sake bugun katanga, sai Farzana ta jefar da gorarta ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana magana da sauri da Larabci. Na ja Amna na ce, "Me take cewa? Ni ce ko?"

"Cewa take ba za ta iya duban hagu ba. In ta juya ta ga rigar, ta ga gorar, sai ta ga ba ita ba ce. Ta ce a daina tsayar da ke a wurin. Ta ce ke ba Samira ba ce, ke 'yar tsakiya ce, ko makaho ya gani. Ta bar miki wurinta."

Baji Nasrin ta daɗe a tsugune a gaban murafenta. Sannan ta ɗauke na hagu gaba ɗaya ta mayar da shi layin tsakiya. Gaba ya koma mutum biyu, ni a tsakiya, Amna a dama. Farzana ta ja baya ta zama ta uku a tsakiya. Gefen hagu aka bar shi fili, ba kowa. Sai in mun ja masu tsaron baya sun biyo mu, sannan Farzana ta taso da gudu daga baya ta faɗa wurin. Baji ta ce da ɗan Turancin da muke haɗuwa a kai, "Kuskurena ne. Na ba ki takalmin wata na ce ki yi gudu." Ta tambaye ni sunana na gaskiya. Na faɗa a hankali. Rabon da in ji shi a bakina har na manta.

Mako biyu bayan haka aka gayyace mu wasa da 'yan matan wani kamfani. Sun ci mu biyu da ɗaya. Ɗayan nan ni na ci: na ja 'yar bayansu dama, Farzana ta ɓullo ta hagu, ta ɗaga kai ta dube ni, karo na farko, ta turo mini a bakin raga. Da ƙwallo ta bugi katakon raga ta rungume ni ta ce a kunnena, "Hajara." Na yi murna ran nan. Allah ya yafe mini, na yi murna sosai.

A hanyar dawowa, wajen unguwar Bagdadiyya, rana ba ta faɗi ba, Amna tana kwaikwayon yadda mai tsaron ragarsu take tafiya muna ta dariya, sai Baba Sale ya kashe kaset. Mota ta rage gudu. Askarawa ne sun tare hanya suna duba takardu.

A al'ada in mota ta mata ce, ƙirga kai suke yi su ƙirga iƙama, halas, wato shi ke nan. Amma wannan ya leƙo ya ga tarin sanduna masu lanƙwasa a ƙarƙashin kujeru, ya ce a gangara gefe. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana tambaya. Da ya zo kaina ya buɗe littafin, ya ga an rubuta haifaffiyar Jidda, ya yi mini magana da Larabcin gari, da fara'arsa ma. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Ya maimaita. Amna ta ce maƙogwarona ke ciwo. Ya ce mata ba da ita yake ba. Ya sake duban littafin, ya dube ni, fara'ar ta tafi.

Ni da Baba Sale aka sauke. Ina jin Amna tana kira, ban san da wane suna ba.

A ofishinsu wata askar mace ta ɗaga mini niƙabi ta kara hoton a gefen fuskata. Muna kama da Samira, amma ba kamar da za ta jure wa irin wannan kallo ba. Jikar Hausawa ce matar, tana ji, tana ɗan mayarwa. Da suka bincika rajista ta dawo ta ce, "Mai wannan iƙama ta fita ƙasa, ba ta dawo ba. Ina take? Wa ya sayar miki?" Ta ce in aka tabbatar cinikin takarda ne, ni kurkuku, shi kuma mai motar a soke zamansa a kore shi da iyalinsa. Shekara ashirin da ɗoriya. Na tuna Gwaggo, wadda ko ƙofar gida ba ta son barin ta a kulle wai kada Samira ta dawo ta tarar ba kowa. Ta tambaye ni sunana sau uku, ban amsa ba, don ban san wanne ne zai fi cutar da su ba.

Aka kai ni ɗakin mata. Mun fi talatin, Habashawa, 'yan Indonesiya, 'yan Chadi, namu, ana jiran a wuce da mu tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Fanka ɗaya ce. Da safe aka miƙo burodi da cuku, ban ko taɓa ba. Ina takure a jikin bango sai na ji an ce, "Kai! Hajara mai sanda!"

Iya Dije ce. Ashe ita ma ba ta koma ba, gyaɗa take sayarwa a kasuwar Balad, a can suka kwashe ta da farantinta. Ta ja gwiwarta ta matso. Na ba ta labari tun daga gidan sauro. Ta saurara tana jan carbi.

"To ni dai da Hajara na hau jirgi," ta ce. "Ita ta ara mini sanda. In sun tambaye ni haka zan ce, don ban iya ƙarya da azumi a bakina ba, kuma kullum cikin azumi nake a nan, tunda cukun nan ba abinci ba ne." Ta gutsuro burodi ta tura mini a baki kamar jaririya. "'Yar nan, mamaci ba ya ba da aron suna. Kin ɗauka taimakon gwaggonki kike yi? Kin tsaya mata a bakin kabari kin kare, ta kasa leƙawa."

Da hantsi aka kira ni gaban babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu. Na faɗi sunana, da sunan babana, da ranar da na sauka. Na ce ba wanda ya sayar mini. Baba Sale ya riga ya gaya musu takardar asibiti tana akwatin mota, ga ta nan a kan tebur. Dattijon ya juya ta ya ajiye, ya yi magana, askar ɗin ta fassara mini.

"Ya ce takarda daga nesa kowa na iya samo ta. Ya ce a kawo uwar. Uwa ba ta yi wa 'yarta ƙaryar mutuwa. In ta ce ta rasu, ya yarda. In ta ce tana raye, to akwai magana."

Na dubi Baba Sale. Ya rufe fuska da hannu biyu.

Kwana na biyu a ɗakin nan ba zan iya ba ku labarinsa ba. Abu ɗaya nake ta juyawa: Gwaggo za ta shigo ta gan ni cikin abayar, ta ce ga Samira nan. Ko ta ce tana Kano, gobe za ta taso. Kuma ba ƙarya za ta yi ba, a wurinta.

Ran Asabar bayan azahar aka sake kirana. Baji Nasrin da mijinta ne suka kawo Gwaggo, Amna tana riƙe da hannunta. Ta tsufa cikin kwana biyu. Ta zauna a bakin kujera da fasfona a cinyarta. Dattijon ya buɗe koren littafin ya tura mata, ya nuna ni, ya yi tambaya a hankali. Wannan ko ba tafinta na gane.

Gwaggo ta dubi hoton. Ta dube ni. Ta daɗe, har na ji ƙarar agogon bango. Leɓenta ya motsa, na ga ya haɗa farkon sunan, na runtse ido.

Da Hausa ta fara, ba da Larabci ba, kamar ni take gaya wa.

"Wannan Hajara ce. 'Yar ƙanena ce." Ta ɗora tafin hannunta a kan hoton. "Ni na ba ta. Ba ta roƙa ba. Wannan kuwa tawa ce. Ta je Kano ganin kakarta." Ta tsaya. "Ta rasu. Samira ta rasu, ya shaihu. Ba su bari na gan ta ba."

Ta maimaita da Larabci. Sannan kukan da na shirya tarewa tun a bakin ƙofa ya zo, wata biyu da rabi a makare. Na ruga in tare ta. A ƙasa muka haɗu.

Dattijon ya miƙe tsaye. Ya sa hannu a ƙirji ya ce, "Azzamallahu ajrakum." Askar ɗin ma ta faɗa, mijin Baji ya faɗa. Gwaggo ta ɗago ta amsa. Gaisuwar farko da ta karɓa ke nan, a ofishin askarawa, ba kujeru a titi, ba gahawa.

Ya zauna ya yi rubutu mai tsawo. Baba Sale ya sa hannu a wata takarda cewa zai fitar da ni cikin kwana uku da tikitina, kuma zai kai takardar rasuwa inda ya kamata. Dattijon ya jawo aljihun tebur zai jefa koren littafin, Gwaggo ta miƙa hannu. Ya dube ta. Ya ɗauki ɗan ƙarfen cire ƙusa ya ɓamɓare hoton a hankali don kada ya yage, ya ba ta, ya rufe aljihun da sauran.

Na ce da askar ɗin, "Akwai wata tsohuwa a ciki, gwiwarta ba ta da lafiya." Ta ce jirginsu jibi ne, za a ba ta kujera mai taya. Na ce da Amna ta kai mata gorar, in za su bari. Gwaggo ta ji, ta gyaɗa kai.

Sannan na tambayi abin da nake tsoron tambaya. "Ni fa? Ɗakin zan koma?"

"A'a. Halas," in ji askar ɗin. "Ba kurkuku, ba tarhil. Mijin gwaggonki ma an mayar masa da iƙamarsa. Za ki daɗe ba ki sake shigowa ƙasar nan ba, amma kin tsira. Yalla, tafi gida."

Na dubi agogon bangon. Ƙarfe uku saura kwata. Har lokacin ina zaune a ƙasa. Gwaggo ta sa hoton a cikin rigarta, ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙo mini hannu.

"Tashi, Hajara," ta ce. "Akwai kujerun da za mu jera kafin ki tafi."